Murfi mai ƙyalli, rediyo mai shuuu: zare kan caja, infata da tambarin CE a ƙasar Gumel

1/ Masu cewa rediyon dattawa tsufa ya yi shi ya sa yake shuuu da daddare, ku matso. Da yawa daga cikin rediyoyin nan lafiyarsu lau. Kayan da mu samari muka cika gida da su ne ke musu ihu a kunne: caja, ƙwan sola, infata. Zaren da tsawo, ku nemi wuri ku zauna 🧵

2/ Kar ku yarda da ni tukuna. Ku ari ƙaramin rediyo mai batir, ku sa shi a AM ko SW, ku murɗa zuwa inda babu tasha. Ku kai shi kusa da cajar da ke cikin caja waya. Ku matsa baya taku ɗaya, biyu, uku. Sannan ku zare cajar daga soket. Kunnenku zai ba ku labari.

3/ Me ke jawo haka? Cajar da, irin mai nauyin nan kamar dutsen guga, taransifoma ce a ciki, tana tafiya da bugun wutar gida, sau 50 a daƙiƙa. Ta yanzu ba nauyi saboda dabara aka sake: tana datse wuta tana saki sau dubu goma-goma, wata fiye da sau 100,000, a daƙiƙa ɗaya.

4/ Dabara ce mai kyau wallahi, ita ta sa caja ta yi arha ta shige aljihu. Amma duk datsewar nan mai kaifi tana haifar da 'ya'ya: ninki biyu, ninki uku, ninki ɗari na wannan bugun. 'Ya'yan nan su ke hawa har cikin zangon da rediyo ke aiki. Infata da na'urar cajin batirin sola da ƙwan LED duk gidansu ɗaya a wannan hali.

5/ Matsakaicin zango yana tsakanin 531 da 1602 kHz. Gajeren zango, inda iyayenmu suka saba kama BBC Hausa da aka buɗe a 1957 da DW da ta biyo a 1963, yana hawa har 30 MHz. FM kuma 87.5 zuwa 108 MHz. Na ƙasan su suka fi shan wuya, FM ta ɗan fi juriya, amma ba ta tsira ba idan tashar na nesa.

6/ Nan ne abin ya fi shafar mu. Mutumin Kano yana zaune a gindin eriyar tasha, sigina ya fi ƙarfin hayaniya. Gumel kuwa ta haura kilomita 100 daga Kano. A ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, ko can gefen Maigatari inda ake lalubo tashoshin Damagaram, muryar tasha a gajiye take isowa. Ita kuma cajar tana nan kan tabarma, kamu ɗaya da rediyon.

7/ Kamar mai raɗa ne daga bayan gari, ga kuma mai ganga a ƙofar ɗakinka.

8/ To ya ake hana na'ura wannan ihun? Hanya biyu: a tace hayaniyar tun a cikin allon na'urar, sannan a rufe na'urar cikin abin da wuta ke bi. Na biyun Michael Faraday ya nuna shi a Landan a 1836. Ya lulluɓe ɗan ɗaki da ƙarfe, ya shiga ciki, aka yi ta zuba wa bayan ɗakin wuta, kayan awonsa a ciki ko gezau.

9/ Shi ya sa tsofaffin amfilifaya da kan kwamfutar tebur jikinsu ƙarfe ne. Ba don a yi nauyi ba ne. Roba kuwa, a wajen igiyar rediyo, kamar babu ita. Ta wuce ta ciki kamar yadda haske ke ratsa gilashi.

10/ Amma roba ta fi arha, ta fi sauƙin zubi, ba ta da nauyi. Sai kamfanoni suka ce to a yi murfin da roba, a shafa masa ƙarfe. Wasu fenti suke fesawa mai garin nikel ko jan ƙarfe ko azurfa. Wasu su tsoma robar a sinadari jan ƙarfe ya kama jikinta. Wasu su narka alminiyam ya zama tururi a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ya sauka a kan robar.

11/ Duk mai gyaran da ya taɓa kwance tsohuwar laftof ya ga abin nan: cikin murfin launin tagulla ko toka-toka, ba kyan gani, da wasu 'yan soso masu rigar ƙarfe a gefe-gefe. Wannan ita ce kariyar gaske. A CIKI take, kuma mummuna ce.

12/ Yanzu ku tuno fawa bank da MP da ƴan lasifikan da ke tebur ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, masu walƙiya kamar sabon kwanon amarya. Mai kaya zai ƙwanƙwasa ya ce "Yallaɓai taɓa ka ji, bodin ƙarfe ne." Ba na ce ƙarya yake da gangan ba, shi ma haka aka faɗa masa a inda ya saro.

13/ Wannan ƙyallin na WAJE ado ne. Wani fenti ne kawai mai ruwan azurfa. Wani alminiyam ne na gaske, amma kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba, irin na cikin ledar biskit, an kuma bi samansa da man ƙyalli wanda wuta ba ta bi. Ba a haɗa shi da komai a cikin na'urar ba. Yana nan dai kamar kwalliyar sallah.

14/ Akwai ma wanda ya fi ban dariya. Masu ƙera waya suna da wani shafi na musamman, da kuza ko wani ƙarfe mai suna indiyam, da aka yi shi da gangan don ya yi kama da ƙarfe amma kar wuta ta bi shi, saboda kar ya toshe wa eriya sabis. Wato an biya injiniya ya tabbatar ƙyallin BA YA kare komai. A waya daidai ne. A ce maka shi ne "kariya" kuma, an raina maka hankali.

15/ Mai gyara da ke da mita zai iya gwadawa cikin daƙiƙa biyar: sa ta a inda take ƙara idan layi ya haɗu, ɗora tsinkayen biyu a jikin murfin. Shiru? Ba abin da ke bi ta saman nan.

16/ Kar wani ɗan ajinmu ya taso min: e, na sani, shafi siriri ma yana iya mayar da igiya mai saurin bugu idan a haɗe yake ko'ina. Ai matsalar ke nan, "a haɗe ko'ina". Murfi biyu ne ake haɗawa, sama da ƙasa. Idan a bakin haɗin roba ce ke taɓa roba, to ba keji ka yi ba, faranti biyu ka kifa.

17/ Kuma igiya ba ruwanta da faɗin tsaga, tsawonta take dubawa. Tsagar da ko reza ba za ta shiga ba, in ta yi tsawo, ta zama eriya da kanta. Injiniyoyi kan so kar rami ya wuce kashi ɗaya cikin 20 na tsawon igiyar. A 100 MHz igiyar mita 3 ce, wato santimita 15. A 900 MHz na layin waya, bai kai santimita 2 ba.

18/ Shi ya sa ƙofar na'urar ɗumama abinci ta makirowef ke da raga mai ƙananan huji. Igiyarta kusan santimita 12 ce, hujin kuwa milimita ɗaya zuwa biyu. Kana hango abincinka, ita kuma ba ta iya fitowa. Huji dubu ƙanana sun fi tsaga ɗaya doguwa aminci.

19/ Gwaji na biyu, ga mai takardar alminiyam a kicin: naɗe wayarka tsaf, ninki biyu, ba kafa, a kira ta. Galibi ba za ta shiga ba. Sake naɗewa amma ka bar wayar iyafis ta leƙo waje. Sau da yawa sai ka ji ta ɗauki ƙara. Ka riƙe wannan, don shi ne zuciyar maganar.

20/ Ko da murfin ya cika sharaɗi, duk wayar da ta fito daga cikinsa hanya ce. Caja ƙarama ce, ba ta isa ta zama eriyar gajeren zango ba. Amma igiyar USB mai mita ɗaya fa? Wayarin gidan gaba ɗaya fa? Wayar da ta sauko daga farantin sola a kan kwano, ta bi bango mita goma zuwa batir? Ka kafa tashar watsa shuuu ba ka sani ba.

21/ A zangon AM da SW, yawancin hayaniyar ta waya take fita, ba ta jikin murfi ba. Don haka ma'aunin duniya ya raba gwajin biyu: daga 150 kHz zuwa 30 MHz ana auna abin da na'ura ke turawa cikin waya, daga 30 MHz zuwa sama ana auna abin da take watsawa a iska.

22/ Maganin na waya shi ne matata: 'yan kafasito da wani naɗin waya a kan zoben ferait, a daidai inda wuta ke shiga. Kullin nan da kuke gani a igiyar cajar laftof kamar ta haɗiyi goro, ɗan'uwansu ne.

23/ Ku tambayi masu gyara a Gumel abin da suke gani in sun fasa caja mai arha. Sau da yawa ga gurbin a kan allo, an zana, an rubuta lambarsa, an huda ramukan, amma wayam, ko an ɗinke wajen da guntun waya. Wanda ya zana allon ya san aikinsa. Wani ne daga baya ya zauna da kalkuleta ya cire. Cajar za ta yi caji ba tare da su ba, mai saye ba zai taɓa ganewa a shago ba.

24/ Wannan ya fi ƙona min rai fiye da ƙyallin. An kashe kuɗi a kan abin da ido ke gani, an cire abin da maƙwabci ke ji.

25/ Kuma ba rediyo kaɗai ba. Wayar da ke danna kanta ko ta ƙi jin yatsa in tana caji, har a fara cewa aljanu, sau da yawa hayaniyar caja ce ke rikita gilashin. Canja caja ka gani.

26/ Sai ɗaya gefen: na'urar da ba ta da kariya ba fitarwa kawai take ba, tana kuma sha. "Dit-dirit-dit-dirit" ɗin nan da lasifikar masallaci ko ta wajen biki ke yi kafin wayar wani ta yi ringin, layin 2G ne, yana aika saƙo a guntu-guntu kusan sau 217 a daƙiƙa, amfilifaya ta kama ta mayar da shi sauti. A wajen wa'azi abin murmushi ne. A ɗakin da ake auna bugun zuciya ba abin murmushi ba ne, shi ya sa kayan asibiti ke da nasu ma'aunin daban mai tsauri.

27/ Ba ƙauye kaɗai abin ke ci ba. A watan Agustan 2018 rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa wasu fitilun LED a jiragen ruwa suna kashe wa rediyon VHF ji, har da na'urar da ke nuna inda jirgi yake. Ƙwan fitila fa.

28/ Tsaya, kafin a kai maganar inda ban kai ta ba: ban ce hayaniyar caja na sa kansa ko rashin haihuwa ba. Ƙarfinta ƙanƙani ne, rediyo ke jin ta don aikinsa ke nan, kama abu mai rauni. Masu tura irin wancan saƙon a WhatsApp, ba da ni ba. Haɗarin da ke kashe mutum a caja shi ne shokin da gobara.

29/ Kuma shafin ƙarfe, in an yi shi a banza, yana iya ƙara wannan haɗarin. Roba tana buɗewa da zafi ninki uku zuwa biyar fiye da jan ƙarfe ko alminiyam. Ku tuna zafin Afrilu a nan, sama da digiri 40 a inuwa, balle ɗakin kwano, sannan sanyin asubar hunturu. Yau buɗewa gobe tsukewa, shafin da bai kama da kyau ba sai ya fara ɓarewa.

30/ Ɓawon ƙarfe yana yawo cikin akwatin da ke ɗauke da bolt 230. Ya faɗa tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da ke zuwa hannunka, shi ke nan. Don haka ma'aunin UL 746C a Amurka ke gwada ko shafin zai ɓare bayan zafi da sanyi da laima. Don haka kuma, don Allah, kar wanda ya karanta zaren nan ya je ya naɗe caja ko infata da takardar alminiyam wai yana maganin shuuu. Zafi zai taru, kuma kana wasa da wuta.

31/ A 2016 hukumomin kare masu saye a Birtaniya suka bayyana gwajin da aka yi wa jabun cajojin Apple guda 400 da aka saya ta intanet daga ƙasashe daban-daban. Uku kacal ke da isasshiyar kariya daga shokin. Wanda ya yi rowar tazarar da ke tsare ranka, kana ganin zai sayi matata saboda rediyon kakanka?

32/ "Ai akwai CE da FCC a jiki." To mu zo nan. CE ba lambar yabo ba ce da wata hukuma ke bugawa. A irin waɗannan kayan, mai ƙerawa ne da kansa ke shelar cewa ya cika dokokin Tarayyar Turai, ciki har da ta hayaniyar lantarki ta 2014, ya ajiye takardun gwaji ko za a tambaya. Abin da ke ba tambarin nauyi shi ne a can ana tambaya, ana janye kaya daga kasuwa, ana cin tara.

33/ In ka ɗauke mai tambaya, saura tawada. Injin da ya buga "fast charge" shi ya buga CE, farashi ɗaya.

34/ Af, da labarin nan na cewa in haruffan sun matsu da juna wai "China Export" ne, in sun ware na Turai ne. Ku daina auna tazara da ido a shago. Hukumar Tarayyar Turai ta ce ba ta san da wani tambari mai wannan suna ba. Mai jabu yana iya buga tazarar daidai, mai na gaske yana iya kuskure ta.

35/ A gida muna da doka, ba wai babu ba. SON na da tsarin SONCAP tun 2005, kaya su samu takardar cika ma'auni kafin su shigo. NCC, ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, sai ta amince da samfurin waya da kayan sadarwa kafin a sayar, tana ma wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Akwai kuma FCCPC ta kare masu saye.

36/ Matsalata da tsarin ita ce duk ƙarfinsa a bakin ƙofa yake. Takarda tana bin kwantena a tashar jirgi. Daga nan kaya su zo Kano, su watse a kwali-kwali, su hau motar Gumel, su sauka a tebur. Samfurin da aka kai gwaji da matatarsa cikakkiya, wa ya tabbatar shi ne na cikin kwali na dubu biyar?

37/ Masu cewa duk laifin boda ne, ku yi haƙuri. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disambar 2020. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. A duk tsawon nan wa ya nemi caja mai arha ya rasa? Rufe ƙofa bai gwada caja ko ɗaya ba.

38/ Kuma ban yarda da samamen kwashe kayan mai tebur ba. Yaron da jarinsa bai wuce kwali biyu ba, ba shi ya zare kafasito ba, bai ma san akwai ta ba. A ƙwace masa, a ƙone a gaban kyamara, mai shigo da kwantena yana gida yana shan shayi.

39/ Wani zai ce talaka abin da aljihunsa ya kai yake saye. Gaskiya ne, ni ma ɗalibi ne, na san farashin orijina. Amma kayan matatar nan ƙananan abubuwa ne da ake saye a buhu, ba su ke raba farashin jabu da orijina ba. Kuma asarar ba a kan mai saye kaɗai take sauka ba. Infatarka na iya kashe wa gidan da ke bayan katangarka rediyo, mutumin da ko soket ba shi da shi.

40/ Zangon rediyo kamar burtali ne. Ba gonar kowa ba ce, amma kowa ta nan yake wucewa. Kowa ya ɗan ci taku ɗaya ya ce nawa ai kaɗan ne, wata rana makiyayi ya zo ya tarar ba hanya. Mu a nan mun san yadda wannan ke ƙarewa. Kuma masu bin wannan burtalin su ne waɗanda ba su da data: manomi mai jiran hasashen damina, makiyayi, tsohuwa mai jiran sanarwar rigakafi.

41/ Abin da nake ganin zai yi aiki, kuma bai fi ƙarfinmu ba: a riƙa sayen kaya daga kasuwa kamar kowane mai saye, daga Farm Centre da Beirut Road a Kano har tebur a Maigatari, a gwada, a wallafa sunan samfurin da sakamakonsa da Hausa. Sassan injiniyan lantarki na jami'o'inmu za su iya gwajin farko na hayaniyar cikin waya. Ba sai an gina ɗakin gwaji na biliyoyi kafin a gane cajar da ba matata ba. Ga ma batun furojet ga 'yan aji ƙarshe, maimakon a yi ta maimaita na bara.

42/ Sannan manyan masu saye. Duk mai ba da kwangilar fitilun titi na sola, ko solar asibitin karkara, ko famfon sola, gwamnati ce ko ƙungiya, ya rubuta a takardar kwangila cewa sai an kawo rahoton gwajin hayaniya na wannan samfurin, da sunan ɗakin gwajin, ba hoton tambari ba. Mai sayen infata 500 in ya tambaya, dila zai nemo. Ni da kai masu sayen ɗaya, dariya zai mana.

43/ Masu haɗa sola, ku ma da naku. Wayar fulas da ta mainas su tafi tare manne da juna, in da hali a murɗe su, kar ɗaya ta bi gabas ɗaya yamma su zagaye ɗaki. Ku rage tsawon da ba dole ba. Infata mai jikin ƙarfe a haɗa mata wayar ƙasa da gaske, ba a bar kusoshin nan yana kallon ku ba. In an kwance murfi mai shafi a ciki, a mayar da duk sukurori da 'yan soson nan, kar a ce "saura biyu ba komai."

44/ A gida kuwa, kafin a yanke wa rediyon Baba hukunci a sayo sabo: a kashe kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana kunne, har a gano mai laifin. Wani lokaci ƙwai ɗaya ne. A canja shi, ko a matsar da wajen caji ɗaya ɗakin. In rediyon a wuta yake, a gwada shi da batir, don hayaniyar na iya biyo wayarsa.

45/ Wanda ya yi gwajin lamba 2, ya rubuto min a ƙasa: garinku, wace irin na'ura ce, AM ko SW, kuma a taku nawa ƙarar ta ɓace. 'Yan Gagarawa da Sule Tankarkar musamman, masu infata a gida, naku nake jira. In sun taru zan jera su a tebur in ɗora a nan.